Shin Faifan CD da DVD Zai Riƙe Mini Amanar Hotunana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a wuraren biki da suna, kuma a bara kwamfutata ta lalace, ta tafi da aikin kusan shekara biyu. Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in riƙa kwafe hotunana a kan sabon faifan CD ko DVD wanda ba a ɗora komai a kansa ba. Shin wannan dabara tana da amfani har yanzu, kuma tsawon wane lokaci faifan zai riƙe abin da aka zuba masa? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Shawarar abokinka tana kan hanya, sai dai faifai ya dace ya zama ajiya ta biyu, ba ita kaɗai ba.

Babbar fa'idarsa ita ce, faifan da aka rubuta wa CD-R ko DVD-R sau ɗaya kawai ake ɗora bayani a kansa, kuma da zarar an rufe shi, babu ƙwayar cutar kwamfuta ko kuskuren hannu da zai iya goge abin da ke ciki, saɓanin filashi wanda ake iya share shi cikin ƙiftawar ido. Masu alamar RW kuwa ana gogewa a sake ɗorawa, don haka ban ga dacewarsu da ajiyar dogon lokaci ba. Game da girma, CD yana ɗaukar megabait 700, DVD gigabait 4.7 (gigabait ɗaya kusan megabait dubu ne), DVD mai hawa biyu gigabait 8.5, faifan Blu-ray kuma gigabait 25. Ga mai sana'arka, CD ya yi kaɗan ƙwarai.

Batun daɗewa shi ne inda mutane suka fi ruɗuwa. Faifan da kamfani ya buga, kamar na fim, an danna bayanansa ne a jikin roba, amma wanda kake ɗorawa da kanka yana da siririn shafe na rini wanda hasken leza ke ƙonawa ya bar alamomi. Wannan rini yana lalacewa a hankali, kuma zafi da laima da hasken rana suna gaggauta lalacewarsa, abin da ya kamata mazaunin ƙasarmu ya yi la'akari da shi, musamman a watannin bazara. Faifan da aka manta a cikin mota da rana tsaka yana iya lanƙwashewa ma. Saboda haka babu wanda zai ba ka tabbacin adadin shekaru. Mai kyau da aka adana a inuwa yana iya haura shekara goma lafiya lau, mai araha kuwa yana iya ƙin buɗewa tun kafin nan. Akwai nau'in M-DISC da ba ya amfani da rini, amma ya fi tsada, kuma ba kowace na'ura ce ke iya ɗora masa bayani ba.

Idan za ka ɗora, ka rage saurin na'urar, sannan ka umarci manhajar ta tantance abin da ta kwafa. Ka yi faifai biyu, ka ajiye ɗaya a shago, ɗaya a gida, kowanne a tsaye cikin gidansa na roba. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a faifan CD bayanan sun fi kusa da fuskar da ake rubutu a kanta, don haka kada ka yi amfani da biro, sai alƙalami mai laushin baki. Idan ƙurar hunturu ta hau shi, ka share da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, ba a kewaye ba.

Yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da wurin saka faifai, saboda haka ka tanadi na'urar karanta shi ta waje mai haɗuwa ta USB, kuma duk shekara ka buɗe tsofaffin faifanka, ka kwafe duk wanda ya fara jinkirin buɗewa zuwa sabo.