Ka bar musu layin hagu, amma kada ka ƙara gudu don kowa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙanena, tun kafin in kai ƙarshen tambayarka na san abin da ke cin ranka, domin ni ma da tuƙin gida na fara. Ka ce kai direba ne a wani gida a Jidda, ba ka daɗe da karɓar lasisi ba, kuma duk sanda ka hau babbar hanyar Makka ka riƙe layin hagu a kan 120 ɗin da aka rubuta a allo, sai wani ya manne maka a baya yana watso maka fitila. In ka ƙara wuta Sahir, wato kyamarar kama masu gudu, ta ɗauke ka, mai gida ya yanke a albashinka, in kuma ka ƙi motsawa ka sha oda da harara. Kana son sanin mai gaskiya tsakaninku da abin da ya kamata ka yi.

Ba zan ce ka ƙara ko kilomita ɗaya saboda wani ba, amma ina roƙonka ka fita daga layin hagu. Shi mai manne maka ya saɓa doka, babu ja a kan wannan, sai dai layin hagu ba wurin zama ba ne ga kowa. Wurin wuce mota ne: a shiga, a wuce, a koma dama. Ba kai aka ɗora wa tsare gudun mutane ba. Akwai Sahir tun 2010, akwai Murur, wato 'yan sandan kula da zirga-zirgar motoci, akwai jami'an tsaron hanya, kuma aikinsu ke nan. Idan ka tsaya a gabansa domin ka nuna masa kai ne a kan daidai, ba rage gudu zai yi ba, wata kafa zai nema, kuma kafar da irin waɗannan mutane suke samu ita ce ke halaka jama'a.

Na ga haka da idona a hanyar Hijira, shekarar da mahaifiyata ta zo Umra. Mun baro Makka da daddare za mu Madina, ita da mai ɗakina suna baya. Wajen Wadil Fara tireloli sun jeru a dama, manyan motocin masu ziyara guda biyu suna bin juna a tsakiya, sai na duba madubi, na ga babu kowa sai wani ɗan haske can nesa, na ba da sigina na shiga hagu domin in wuce su. A kan 140 nake, iyakar abin da doka ta yarda da shi a wannan hanya. Ban kai rabin bas ta farko ba hasken nan ya iso, wata ƙatuwar jif, ta cika min mota da fitila har ba na ganin komai a madubi. Na kunna siginar dama don ya san na gan shi, zan ba shi hanya da zarar na wuce, domin a damana babu komai sai jikin bas. Bawan Allah nan bai iya jiran daƙiƙa goma ba. Sai kawai ya sauka kan layin rawaya na gefen titi, ya kutso tsakanina da shingen hanya, tsakuwa tana ta dukan gilashina, ya fasa min madubin hagu ya wuce.

Da a nan ya tsaya, da na ce tsautsayi ne. Yana shiga gabana sai ya taka birki da gangan, wai don ya hore ni. Ƙanena, a gudun 140 mota tana cin kusan mita 39 a kowace daƙiƙa, kuma abin da ke tsakanina da shi bai kai tsawon mota biyu ba. Na taka nawa birkin, motar ta yi rawa, bas ɗin da ke gefena ya saki wata irin oda, mahaifiyata kuwa ba ta yi ihu ba, sai kalmar shahada kawai take maimaitawa da ƙaramar murya. Na hango shi a hasken fitilata, yaro ne matashi, hasken waya yana haska masa fuska. Ya ɗaga hannu ta taga, ya taka totur, ya ɓace. Har yau idan na tuna ba fasa madubin ke ƙona min rai ba, birkin nan ne. Mutum ya dubi motar da bai san ko su wane ne a ciki ba, bai san da tsohuwa ba, bai san ko da jariri ba, ya yanke shawarar ya tsorata su da mutuwa saboda an jinkirta shi na ɗan lokacin da bai isa a sha ruwa ba. Me na yi masa? Wace gaba ce tsakaninmu? Da na samu gidan mai na tsaya, ƙafafuwana sun kasa ɗaukata, sai a bakin ƙofar mota na zauna. Tsohuwa ta rantse ba za ta sake bin wannan hanya a mota ba, kuma ta cika, a jirgin ƙasa na Haramaini muka mayar da ita. Shi kuwa na tabbata ya isa inda za shi ya ci abincinsa, bai ma tuna da mu ba. Na bar shi da Allah.

Saboda haka ne nake gaya maka cewa kafin ka shiga hagu, kada ka tsaya ga duba ko akwai mota a bayanka, ka duba yadda haskenta yake girma a madubi. Idan a kallo na biyu ya ninka, ka bari ya wuce tukuna. Kuma kada ka fara wuce dogon jerin motoci alhali ba ka hango inda za ka koma ba.

Idan an riga an manne maka, ka ba da siginar dama nan take, ka riƙe gudunka yadda yake, ka duba madubi da kafaɗarka, sannan ka koma a hankali. Kada firgici ya sa ka fizgi sitiyari, domin sau da yawa akwai na biyu da ya riga ya zaɓi ya wuce ku duka ta dama. Kada ka taɓa birki don ka ja masa kunne, ko da kuwa ka ji ana cewa wanda ya daki baya shi Najm, masu tantance haɗarin mota domin inshora, ta fi ɗora wa laifi. Takardar Najm ba ta mayar da ƙashin baya. Kuma kada ka sauka kan layin rawaya don ka ba shi wuri: wurin cike yake da tsakuwa da guntayen taya, tarar hawa shi kuma daga riyal 1,000 zuwa 2,000 ce. Hannu ma kada ka ɗaga. Mu baƙi ne masu iƙama, wato takardar zama a Saudiyya, rigimar bakin titi ko ka yi nasara a cikinta ta ci maka wuni, wataƙila ta ci maka aiki. In kana da kyamara a gaban mota, ka kai ƙara ta manhajar jami'an tsaro ta Kulluna Amn, kada ka ɗora bidiyon mutum a intanet, nan ma wata shari'ar ce.

Ba kowace fitila ce zagi ba, wannan ma ya kamata ka sani. Wanda ya haska maka sau ɗaya tun daga nesa sallama ya yi, yana gaya maka yana tafe ne, kuma irinsa ya fi mai zuwa shiru. Wanda ya bari sai da ya kusa taɓa bambarka sannan ya fara ƙyafta fitila ba ƙaƙƙautawa, wannan shi ne abin gudu.

Layin tsakiya shi ne gidanka a doguwar hanya. Na dama na manyan motoci ne, waɗanda iyakarsu 80 ce a hanyoyin da aka ɗaga wa ƙananan motoci zuwa 140 a 2018, bas kuma 100, ga masu shiga da masu fita, kuma ƙaramar mota a tsakanin tireloli biyu ƙwai ce a tsakanin duwatsu. A tsakiya ka bar tazarar daƙiƙa uku tsakaninka da na gaba: ka lura da allo ko ƙarfen fitila da ya wuce, ka ƙirga uku kafin kai ka iso wurin. Na san za ka ce da zarar ka bar wannan fili wani zai faɗo ciki. Zai faɗo, ka sake ja baya, babu abin da ya ragu a jikinka. Tazarar nan ce za ta cece ka daga masu taka birki kwatsam idan sun hango Sahir, waɗanda suke gangarowa daga 160 zuwa 110 a gaban kyamara sannan su sake ƙure maleji da sun wuce ta. A ganina waɗannan sun fi mai gudu ɗaya tun daga farko haɗari.

Maganar yanke albashi kuwa, ita ce ta fi taɓa ni a tambayarka. Gidan da na fara aiki akwai wani ɗan mai gida da ba ya fitowa sai lokaci ya ƙure, ya shigo mota yana taɓa min kafaɗa yana cewa in yi sauri jirgi zai tashi, ko za a rufe ƙofar makaranta, kai ka ce ni na riƙe shi a ɗaki. Idan saƙon tara ya shigo wayar mahaifinsa, sai yaron ya yi kamar bai taɓa shiga motar ba. Ƙarshen wata a miƙo min albashi da giɓi, babu bayani, in na yi magana a ce ai ni ne a kan sitiyari. Wata rana a gabana ya gaya wa uban cewa shi ma ya yi ta ce min in rage gudu. Na dube shi, ya kau da kai. Kuɗin da aka yanke a wannan watan shi ne na tanada don kuɗin makarantar 'ya'yana a gida. Ba zan manta da yadda ya kau da kan nan ba.

Don haka ka san lissafin da kanka, kada a ruɗe ka. A hanyar da iyakarta 120 ce ko ƙasa da haka, in ka haura da fiye da 10 har zuwa 20, tarar riyal 150 zuwa 300 ce. Daga 20 zuwa 30 ta koma 300 zuwa 500, daga 30 zuwa 40 kuwa 800 zuwa 1,000, haka take hawa har 2,000. A hanyar 140 sassaucin ya fi ƙanƙanta, ƙari kaɗan ya isa a rubuta maka 300 zuwa 500, don haka kada ka ɗauki al'adar hanyar Jidda ka kai ta hanyar Madina. Saƙa tsakanin motoci da gudu, wanda samari suke ɗauka gwaninta, 3,000 zuwa 6,000 ne. To me ake samu a madadin wannan? Tafiyar kilomita 70, wato kusan tsakanin Jidda da Makka, minti 35 ce a gudun 120, minti 30 a gudun 140. Minti biyar ke nan, alhali nisan da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku. In kuwa aka yi rashin rai, Allah ya kiyaye, diyyar kisan kuskure a nan riyal 300,000 ce, ban da azumin wata biyu a jere, kuma wanda ya taɓa maka kafaɗa ba zai yi maka ko yini ɗaya ba.

Kada kuma 'yan uwa su ɗauka 'yan ƙasa kaɗai nake nufi. A cikinmu akwai masu jigilar fasinja tsakanin Makka da Jidda da Madina waɗanda idan goman ƙarshe na Ramadan ta zo ba sa barci, suna ƙirga sawu, suna matsa wa na gaba fitila da mota cike da alhazai. Rabin sa'ar da ke gaban buɗa baki ni ba na son ta same ni a kan babbar hanya, domin a lokacin kowa yana tuƙi da yunwa da fushi. Gara in tsaya a gidan mai in sha ruwa da dabino, in tashi bayan magariba hanya ta huce. A 2016 sama da mutum 9,000 ne suka rasu a hanyoyin ƙasar nan. An samu sauƙi sosai daga baya, amma waɗanda suka daɗe a nan babu wanda bai yi wa wani namu sallah a Harami ba sanadiyyar mota.

Ka samu mai gidanka a lokacin da ransa ke sanyi, ba a cikin mota ba, kuma ba ranar biyan albashi ba. Ka ce masa, da ladabi, kai ba za ka wuce abin da aka rubuta a allo ba, amanar iyalinsa ce a hannunka, wanda yake son isa da wuri ya fito da wuri. Yawancin iyayen gida suna jin wannan magana idan aka kawo ta ta fuskar 'ya'yansu. Sannan ka tambaye shi ko ya sa sunanka a Absher, manhajar gwamnati, a matsayin mai amfani da motar, domin in ya sa, tarar a kan iƙamarka take hawa ko da wani ne ya ja motar, kuma za ta tare maka sabunta lasisi da bizar tafiya gida. Kowace tara tana zuwa da rana da sa'a da wuri, don haka ka riƙa rubuta lokacin da ka karɓi makulli da lokacin da ka mayar. Wadda ka tabbata ba taka ba ce ka nuna masa a rubuce, wadda kuma aka rubuta bisa kuskure kana da kwana 30 ka shigar da ƙorafi a kanta ta Absher.