Durowa ta lalace, an daina yin irinta: ina ake samun kayan gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kayan ɗakina 'yan waje ne, tun na aurena, yau shekara 11. Durowa biyu na jikin madubina sun daina gudu. Ɗaya ta karkace, ɗayar kuma da na fizgo ta sai wasu ƙananan ƙwallayen ƙarfe suka zube a ƙasa. Na koma shagon da aka sayo kayan, suka ce kamfanin ya daina yin samfurin. Kafinta ya ce a cire durowoyin kawai a sa wa wurin ƙofa. Ni kuwa raina bai so ba, domin mahaifina ne ya saya mini, Allah ya ji ƙansa. Yaya zan yi? — Wata uwargida daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ji ƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kada ki yarda a cire durowoyin nan, gyaransu bai kai wahalar da aka nuna miki ba.

Masu shago ba ƙarya suka yi miki ba, sai dai maganar tasu ba ta shafi abin da ya lalace ba. Kamfanin da ke haɗa gado da sif da madubi, da wuya ki ga shi ne ke ƙera ƙarfen da durowa ke gudu a kai. Sayowa yake yi daga masu wannan sana'a, irin su Blum na ƙasar Ostiriya, Hettich da Häfele na Jamus, Samet na Turkiyya, DTC na Sin, da ɗimbin ƙananan masana'antu da ba sa ko buga suna. Su kuwa kusan duk a kan awo ɗaya suke aiki. Saboda haka ko an daina yin madubinki, ƙarfe mai awon nasa yana nan ana sayarwa. Awon shi ne abin nema.

Ki zaro durowar gaba ɗaya. Irin taki mai ƙwallaye, idan kika jawo ta har ƙarshe za ki ga wani ɗan harshe na baƙar roba a kowane gefe. Na ɗaya gefen sama ake ɗaga shi, na ɗayan ƙasa ake danna shi, sai durowar ta fito a hannunki. Wasu ƙananan ba su da harshen, sukuru ne ya riƙe su daga cikin durowar. Daga nan a kwance ƙarfen duka, wanda ke jikin durowa da wanda ke jikin bangon katakon. Ki goge shi ki duba ko akwai suna ko lamba da aka buga, ki ɗauki hotonsa da waya.

Sai awo, kuma da tef ɗin kafinta na ƙarfe za a yi, domin na tela yana miƙewa. Tsawon ƙarfen a rufe shi ne na farko. Yawanci da milimita hamsin-hamsin yake tafiya: 250, 300, 350, har zuwa 550, wanda a kasuwa za ki ji ana cewa inci 10, 12, 14, har 22. Idan ba a samu daidai ba, wanda ya gaza kaɗan zai yi aiki, durowar ce dai ba za ta fito duka ba. Wanda ya fi tsawo kuwa ba zai bari ta rufe ba.

Na biyu faɗinsa, kuma a nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Akwai mai milimita 17, da 27, da 35, da 45. Masu 17 da 27 a cikin wani kwari da aka fafe a gefen durowa suke zama, kuma ana yawan samunsu a kayan ɗakin kwana 'yan waje. Ki shafa gefen durowarki. Idan kwarin yana nan, to mai faɗin kwarin za ki nema, mai 45 ba zai shiga ba ko da mai shago ya rantse miki ya fi ƙarfi. Idan kuwa gefen sumul yake, sai ki auna faɗin ramin da durowar ke shiga, ki auna faɗin ita durowar, ki cire. In bambancin ya kama milimita 25 zuwa 26, wato kusan rabin inci a kowane gefe, kin huta: wannan shi ne awon da aka fi yi, kowane mai kayan kafinta yana da shi.

Duk da awon, ki sa tsohon ƙarfen a leda a tafi da shi. A wurin masu kayan kafinta na Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, a ɗora sabon a kan tsohon a gani da ido. Kuma biyu-biyu ake saye, a canja dama da hagu tare, ko da gefe ɗaya ne ya mutu. Sabo da tsoho ba sa tafiya daidai, shi ne abin da ke karkatar da durowa har ya kashe sabon.

Wajen zaɓe, kada launi ko kwali ya ruɗe ki. A jawo ƙarfen har ƙarshe a mayar. In kin ji yana gurzawa ko yana tsayawa a hanya, a ajiye shi. A riƙe bakinsa biyu a ɗan murɗa. Mai arha zai lanƙwasa a hannu saboda ƙarfensa siriri ne. A ɗauki guda biyu masu tsawo ɗaya a gwada nauyi, wanda ya fi nauyi yawanci shi ne mai kauri. A shawarata ki ƙara kuɗi ki ɗauki mai kyau, tunda kayan na tunawa da mahaifi ne, kuma katakon da aka matse daga garin itace ba ya jure a riƙa kwance sukuru ana ɗaurawa.

Wannan ya kawo mu kan kafinta. Ki gaya masa kada ya tilasta sukuru a tsohon rami idan ramin ya rububbuge. Jikin ƙarfen akwai huji da yawa, ya zaɓi wanda ya faɗa a kan lafiyayyen katako. In dole sai tsohon ramin, a cusa tsinken itace da gam, a bari ya kwana ya bushe. Ya kuma duba kada sukurun ya fi kaurin katakon tsawo, ya ɓullo ta waje ya ɓata fuskar madubin.

Abin da ya fi kashe irin wannan ƙarfe a wurinmu ƙurar hunturu ce da lodi. Ƙura na shiga tsakanin ƙwallayen ta haɗu da maiƙo ta daskare, durowa ta yi tauri, a fizge ta, abin da ke riƙe ƙwallayen ya buɗe su zube. Sauran durowoyin da ba su lalace ba, ki sa a wanke ƙarfensu da kananzir, a goge, a shafa ɗan giris kaɗan. Ban da man gyaɗa ko manja, su ƙara kama ƙura suke yi.

TAMBAYA: Malam, kabad ɗin mahaifiyarmu mai durowa shida, mariƙi ɗaya ya karye. Tsoho ne mai zanen fure, ruwan tagulla. Na kai wa mai walda ya ce ba ya kamuwa. Na zaga ban ga irinsa ba. — Wani ɗan'uwa daga Zariya

AMSA: Mai walda ya yi gaskiya, Malam. Ka kara maganaɗisu a jikinsa, sannan ka kankare bayansa da wuƙa. Idan maganaɗisu bai kama ba kuma cikin ya fito toka-toka, to gamin tutiya ne da aka yi wa ruwan tagulla a sama, kuma zafin walda narkar da shi yake yi. Idan cikin ya fito rawaya, tagulla ce ta gaske, wannan masu waldar gas suna iya liƙe ta.

Samun mai zanen nan sak a shago abu ne mai wuya, ba zan sa maka rai ba. Amma ana iya zuba maka sabo. Ka kwance lafiyayye guda ɗaya ka kai wa masu zubin ƙarfe, irin waɗanda ke Fanteka a Kaduna, ko maƙeran tagulla na Bida in kana da mai zuwa can. Danna shi za su yi a cikin yashi ya bar siffarsa, su zuba narkakken ƙarfe. Abin da aka zuba yakan ɗan tsuke in ya huce, don haka ka ce kada su huda ramin sukuru sai an auna da jikin durowar. Launinsa ba zai zo daidai da na sauran ba, sai ka mayar da shi durowar ƙasa, ka ɗauko na ƙasan ka sa a inda ido ya fi kaiwa.

In kuma mahaifiyarku ta yarda a canja duka shidan, auna daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar huji. Awon da ke kasuwa milimita 64, 96, 128, 160 ne. Idan naka ya ba da 76, inci 3 ke nan, awon Amurka da tsofaffin kayan Ingila. Ka nemi mai faranti a baya wanda zai rufe tsofaffin hujin. Ka yi amfani da sukurun da ya zo da sabon mariƙin, domin zaren tsohon ba lalle ya shiga ba. Amma ka tambaye ta tukuna. Sau da yawa tsofaffinmu sun fi son abinsu yadda suka san shi.

TAMBAYA: Ina zaune a Ingila. Kicin ɗin gidan da muka saya na IKEA ne, tsohon samfurin Faktum. Ƙarfen durowar tukwane ya karye, sababbin da ke shagonsu kuma ba sa shiga. — Wata 'yar'uwa daga Birmingham

AMSA: Ba za su shiga ba, 'yar'uwa. A wajajen 2014 IKEA ta maye gurbin Faktum da Metod a Turai, kuma awon ya canja: akwatin ƙasa na Faktum santimita 70 ne tsayinsa, na Metod 80. Ki fara da su IKEA ɗin: a takardar haɗa kayansu kowane ƙaramin ƙarfe yana da lamba, yawanci mai alƙaluma shida, ana samun takardun a intanet, kuma suna da sashen neman kayan gyara da lambar. In ba a dace ba, ki duba jikin ƙarfen da kyau. Durowoyin Faktum masu gefen ƙarfe Blum ne ya ƙera da yawansu, kuma lambar da ke jiki ita za ki rubuta a wurin bincike. Ki lura da harafin L ko R, na hagu ba ya zama a dama. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce eBay da Facebook Marketplace, inda masu sabunta kicin ke sayar da tsofaffin durowoyin Faktum sukutum. In kin samu, ki ɗauki biyu ki ajiye ɗaya.

TAMBAYA: Kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, hinjin ƙofar ya tumɓuke, durowar sama ma ta zube. Na sayi sababbi sau biyu, ba sa daɗewa. — Wani magidanci daga Yamai

AMSA: Alhaji, dakata da sayen ƙarfe, laifin ba nasa ba ne. Ka danna katakon da farce a inda sukurun yake. In ya yi laushi, ya kumbura, yana zubar da gari, to ruwa ya shige shi, kuma irin wannan katako in ya sha ruwa ba ya komawa. Ka fara kiran mai gyaran famfo ya toshe yoyon. Sannan kafinta ya cire bangon da ya ruɓe ya yanka sabo na filawud mai kauri ɗaya da tsohon, ana samu a kasuwar Katako, a shafe bakinsa da fenti ko banish kafin a ɗaura. Hinjin da ka riga ka saya za su yi aiki a kan sabon, muddin kofinsu, wato zagayayyen ɓangaren da ke shiga jikin ƙofa, ya dace da ramin ƙofar, wanda yawanci milimita 35 ne. In za ka ƙaro wani, ka tafi da tsohon a hannu, domin iri uku ne: mai miƙaƙƙen hannu na ƙofar da ta rufe bakin katako duka, mai ɗan lanƙwasa na wadda ta rufe rabi, da mai babban lanƙwasa na wadda ke shigewa ciki.