An karya farashin cuku a kanti: in saya da yawa in adana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kaduna, ina yin fiza da shawarma a gida ina sayarwa, yawanci odar ƙarshen mako ce. Babban kantin da nake sayayya sun karya farashin cuku, Mozzarella da Cheddar masu kilo biyu da rabi, ragin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Raina ya biya in kwashi dunƙule biyar, don kuɗin cuku ne ke cinye mini riba. Sai dai kwanan watan da ke jiki saura mako bakwai, wutarmu kuma kun san halinta. Ina da firij da ƙaramar firiza ta kwance, a mako nakan yi aiki da kamar kilo ɗaya. In saya? Yaya zan adana? In ya yi fumfuna zubarwa ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki saya, amma ba biyar ba tukuna. Ni dai uku zan ce: Mozzarella biyu, Cheddar ɗaya. Kilo bakwai da rabi ke nan, kusan daidai da abin da za ki yi aiki da shi a mako bakwai ɗin da suka rage. Ƙari a kan haka ya danganta da ƙarfin firizarki, kuma akwai hanyar gwada ta da zan faɗa miki a gaba.

Ki fara da wannan lissafin. Idan ragin kashi ɗaya cikin uku ne, to kin sayi dunƙule uku a kuɗin biyu. Ɗaya ya lalace, kin koma inda kika fito, ba riba ba asara, ga wahalar ɗauka da kuɗin man janareto. Biyu suka lalace, kin sayi cuku da tsada fiye da wanda bai ga rangwamen ba. Shi ya sa nake matsa wa masu ƙananan sana'a a kan yawan abin da za su ɗauka, don jarinku ba shi da faɗin da zai shanye irin wannan asarar.

Yawancin ragin da kantuna ke yi ba wani mugun abu ba ne a ƙarƙashinsa. Mafi yawan Mozzarella da Cheddar da ake sayarwa a Najeriya daga waje ake kawo su, da dala ake biya, kuma kaya ne masu tsada tun asali, tunda kilo ɗaya na Cheddar yana cin madara wajen lita 10. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin ya hau, kaya sukan daɗe a kan kanta. Mai kanti ya ga kwanan wata na matsowa, gara ya sayar a kan ragi da ya zubar. Wani lokacin kuma jan mutane ne kawai: ki shigo don cuku, ki fita da fulawa da mai da tumatirin gwangwani. Waɗannan biyun duk alheri ne a gare ki.

Akwai na uku, shi ne nake so ki sa wa ido: kayan da sanyi ya yanke musu a hanya ko a ɗakin ajiya. Na taɓa shiga ɗakin sanyin wani kanti bayan janaretonsu ya kwana biyu a lalace. Cukun yana nan a jere, kwanan watan jikinsa da saura, amma duk wanda ka ɗaga sai ka ga gefensa ya lotsa, mai ya tsattsafo ya kwanta a kusurwar leda. Kwanan wata alkawari ne da kamfani ya yi bisa sharaɗin cewa kayan bai rabu da sanyi ba. In sharaɗin ya karye, rubutun ba ya nufin komai. Don haka ki ɗauki kowane dunƙule a hannunki ki juya shi. Ledar da aka zuƙe wa iska ya kamata ta manne da jikin cukun ƙam. Idan ta saki, ko ta kumbura kamar an hura ta, ko kin ga ruwa mai kauri yana yawo a ciki, ki mayar da shi komai araharsa. Ki taɓa waɗanda ke can ƙasan firij ɗin kantin da na sama, ki ji ko sanyinsu ɗaya.

Ki karanta rubutun jiki kuma. Ki nemi lambar NAFDAC. Ki duba ko an rubuta Best before ko Use by, don ba ɗaya ba ne: na farko yana magana a kan daɗi da inganci, na biyu a kan lafiyar mai ci, kuma shi ba a ƙetare shi. A jerin kayan haɗi, in kin ga man ja ko wani man tsiro a maimakon kitsen madara, to ba tsantsar cuku ba ne, kwaikwayo ne. Ana cin sa, wasu masu fiza ma shi suke amfani da shi, amma dama can ya fi araha, kada a sayar miki da shi da sunan rangwame. Tunda muna kan rubutun jiki: sinadarin da ke daskarar da madara a wasu cukun daga tumbin ɗan maraƙi ake samo shi, a wasu kuma ba na dabba ba ne. Mai son kwanciyar rai sai ta nemi tambarin halal ko bayanin cewa ba na dabba ba ne.

Yanzu ga abin da ke raba cukun da ke jurewa da wanda ba ya jurewa: ruwa. Mu ma mun san wannan a gida. Cukun da ake kawowa daga Nijar, falle-falle busasshe, wanda ake ci da shayi ko a daka a fura, yakan yi watanni ba firij, don an shanya shi har ruwan ya fita. Shi kuwa ɗanyen cukun Fulani mai laushi, wanda ake daskarar da madararsa da tumfafiya, in ba a tafasa shi ko an soya ba, kwana ɗaya zuwa biyu ya fara tsami. Duk madarar ce, ruwan da ya rage a ciki ne ya bambanta su. Na Turawa ma haka. Parmesan, wanda na asalinsa na Italiya ba a fitar da shi sai ya shekara a ajiye, ruwansa bai wuce kashi 30 da ɗoriya cikin 100 ba. Cheddar ba ya wuce kashi 39. Mozzarella na dunƙule da kike sa wa fiza yana tsakanin 45 da 52, gishirinsa kuma bai kai na Cheddar ba. To Cheddar ɗinki mai haƙuri ne, Mozzarella ba shi da haƙuri, kuma kada ki ba su kulawa iri ɗaya.

Ranar sayayya ki tafi da kula da ƙanƙara, cukun ya zama abu na ƙarshe da za ki ɗauka, daga kanti kuma sai gida. Kitsen madara yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, balle but ɗin mota da rana tsaka.

Cheddar ki bar shi a ledarsa ta kamfani a cikin firij, can ciki, ba a jikin ƙofa ba. Muddin ba a buɗe ba kuma sanyin bai wuce digiri 4 ko 5 ba, zai kai kwanan watansa lafiya. Ranar da kika buɗe, lissafi ya canza: mako uku zuwa huɗu gare ki. Ki yanke abin da za ki buƙata a wannan tsakanin, ki naɗe shi da takardar da ake shimfiɗawa a farantin gashin kek, sannan ki sa a roba mai murfi. Takardar tana tsotse gumin da yake yi, robar tana hana shi bushewa da kwasar wari. Cuku yana jan wari sosai, in ya kwana kusa da daddawa ko busasshen kifi, kwastoma zai ji a bakinsa. Ragowar kuma ta tafi firiza a ranar.

Mozzarella kuwa, ban da na aikin wannan makon, duk ki kai shi firiza tun ranar farko, kuma nan ne aikin yake. Kada ki jefa dunƙulen kilo biyu da rabi gaba ɗayansa. Zai daɗe bai daskare har tsakiya ba, kuma duk ranar da kike son kaɗan sai kin narkar da duka. Ki wanke hannu da wuƙa da katakon yanka, su bushe sarai. Ki goge cukun a abin goga yana da sanyinsa, in ya yi laushi cakuɗewa zai yi. A kowane rabin kilo ki barbaɗa kamar cokali ɗaya na garin sitacin masara ki juya, shi zai hana shi dunƙulewa. Sai ki ƙulla a leda mai kauri daidai aikin rana guda, in fiza huɗu kike yi ranar Asabar, to na fiza huɗu. Ki matse iskar tas, ki baje ledar ta yi faɗi kamar littafi, ki rubuta kwanan wata da maka. Ledar da aka baje tana saurin daskarewa, kuma saurin yana da amfani: in ruwan cikin cuku ya daskare a hankali, ƙanƙarar tana yin manyan tsini masu yayyaga jikinsa, shi ya sa wanda aka narkar yake marmashewa in an zo yankawa. A kan fiza ba mai ganewa, tunda narkewa zai yi. Amma Cheddar da za ki yanka falle-falle a sa a burodi, wannan kada ya shiga firiza.

A digiri 18 ƙasa da sifili cukun zai iya kai wata shida, sai dai ni ba na son ya wuce wata uku, daga nan daɗin ya fara raguwa. Gogaggen kina iya barbaɗa shi a kan fiza kai tsaye daga firiza. Wanda kika daskarar a gunduwa ki sauke shi cikin firij ya kwana, kada ki bar shi a kan tebur ya narke. Abin da ya narke kuma ba ya komawa. Ki sani firiza ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai take yi, da an narkar su ci gaba daga inda suka tsaya. Akwai ma wata ƙwaya, listeriya, mai iya hayayyafa a sanyin firij, kuma ta fi yi wa masu juna biyu illa. Don haka duk cukun da ya shiga firiza ya fito, a gasa shi ya yi zafi sosai kafin ya je hannun mai saye.

Sai maganar wuta. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ba da ƙiyasi cewa firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi wajen awa 4, firiza cikakkiya awa 48, mai rabin kaya awa 24. A zafin watan Maris da Afrilu na Kaduna ni zan rage waɗannan awannin, ba zan dogara da su cif ba. Abin da za ki ɗauka a nan shi ne firiza cikakkiya ta fi jurewa. Ki cike duk gurbin da ya rage da gorunan ruwa ko ledojin fiya wata su daskare, ki sa cukun a can ƙasa a tsakiyarsu, in an ɗauke wuta kuma a daina buɗe murfi. A ƙa'idar wannan ma'aikatar, Cheddar na dunƙule da ya rasa sanyi na wasu awanni ana iya ci gaba da amfani da shi, amma Mozzarella da duk wani gogaggen cuku, in sun narke sun wuce awa 2 a sama da digiri 4, zubarwa ake yi. Ledar da kika taɓa kika ji har yanzu da ƙanƙara a jikinta, ita ba komai.

Ga gwajin da na ambata. Ki cika ƙaramin kofi da ruwa ki sa a firiza ya daskare, sannan ki ɗora tsohon kwabo ko tsakuwa a kan ƙanƙarar, ki ajiye kofin kusa da inda cukun yake. Ki riƙa dubawa. In bayan mako guda na irin wutar da kuka saba kwabon yana nan a sama, firizarki tana riƙewa, kina iya komawa ki ƙara dunƙule biyun in rangwamen bai ƙare ba. In kin same shi ya nutse zuwa tsakiya ko ƙasa, to kayan ciki suna narkewa suna sake daskarewa ba ki sani ba, ki tsaya a ukun nan, ki kuma gaggauta aiki da su. Kofin ya ci gaba da zama a ciki ko bayan gwajin, musamman in za ki yi tafiya.

Fumfuna kuma ya danganta da inda ta fito. A kan dunƙulen Cheddar, in ɗigo ne ɗaya ko biyu, kore ko shuɗi, ki yanke wurin da faɗin santimita 2.5 ta kowane gefe har da ƙasa, kamar gaɓar babban yatsanki, kada wuƙar ta ratsa ta cikin fumfunar, sannan ki sake masa sabuwar takarda. Jikinsa a matse yake, saiwar fumfuna ba ta nisa a ciki. A Mozzarella, ko gogaggen cuku, ko yankakke falle-falle, ko mai laushi na shafawa a burodi, ledar gaba ɗaya za ki zubar, ko da ɗigo ɗaya kika gani, don abin da ido bai gani ba ya riga ya bazu. Gashi ba ya gyara wannan, wasu fumfunar suna barin dafin da zafin wuta ba ya kashewa. Haka in ya yi yauƙi, ko launinsa ya koma ruwan hoda, ko warinsa ya canza.

Abu ɗaya ne kada ya ruɗe ki. Cheddar da ya kwana biyu yakan fitar da fararen ɗige-ɗige a jikinsa, mutane da yawa su zubar da shi suna zaton fumfuna ce. Ki kankara da bakin wuƙa. In kin ji ƙaras-ƙaras kamar gishiri ko yashi, sinadarin kalsiyam ne na cikin madarar ya taru, ba ya cutarwa, ki yi aikinki da shi. In kuwa laushi gare shi kamar auduga kuma ya shafu a jikin wuƙar, wannan fumfuna ce, sai ki yanke kamar yadda na faɗa.