Amsa ga mai tambaya kan kai kamfanin haƙar ma'adinai kotu saboda ruwan sha

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ji yadda mutane a Amurka ke kai kamfanonin haƙar kwal kotu idan za su faɗaɗa rami kusa da rafi, kana tambaya ko ku ma za ku iya, tunda kamfanin da ke wanke karta, wato ragowar ƙasar da masu haƙar zinare suka niƙa suka bari, a gefen garinku yana neman ƙarin fili. Za ku iya. Amma bari in faɗa maka abin da na gani a shekarun da na yi ina ɗibar ruwan rijiyoyi ina kai wa awo a jihar Nahar Nil, wajen Abu Hamad da Ibaidiyya.

Mu nan Sudan ba kwal ne damuwarmu ba, zinare ne, da zaiba da sinadarin sayanaid mai guba da ake wanke shi da su. Sai dai shari'ar duk hanyarta ɗaya. Waɗancan mutanen ba sa zuwa gaban alƙali su ce ruwa ya ɓaci kawai. Takardar izinin suke kama wa. Amurka na da dokar tsabtar ruwa tun 1972, a ƙarƙashinta ne hukumar muhalli ta janye izinin zubar da ƙasa a rafuka na mahaƙar Spruce da ke West Virginia a 2011, bayan an riga an bayar da shi a 2007, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce tana da ikon yin hakan a 2013. Da me hukumar ta dogara? Awo. Duwatsun da aka farfasa suna sakin sinadarin seleniyam cikin ruwa, yana nakasa kifi, kuma akwai lambobi a rubuce da ke nuna yawansa.

To, nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Na ga gari guda da awaki suka mutu bayan ruwan sama ya cika kwatamin kamfani ya malala zuwa hafiri, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama. Kowa ya san dalili, har yara. Amma da aka zauna, lauyan kamfani tambaya ɗaya ya yi: ina shaidar yadda ruwan yake kafin mu zo? Babu. Ga masu injin niƙa na gargajiya suna ƙona zaiba a gefe, sai ya ɗora laifin a kansu. Magana ta mutu a nan.

Don haka tun yau, kafin a sa hannu kan faɗaɗawar, ku ɗebi ruwan kowace rijiya da hafiri a gaban umda, wato hakimin yankin, da shaidu, a rubuta rana da wuri, a kai ɗakin awo na jami'a ko na gwamnati. Ruwan gwajin sayanaid ba ya son jira, a sa shi cikin sanyi a kai da wuri. Ku maimaita bayan damina. Sannan ku nemi rahoton tasirin aikin ga muhalli, wanda dokar kare muhalli ta 2001 ta wajabta. Ku fara da rubuta koke ga hukumar da ta ba da izinin, ku riƙe kwafi mai hatimi, domin ƙarar hukuncin hukuma wa'adinta kwana 60 ne, in ya wuce an rufe ƙofa.

Kuma ku shirya haƙuri. A Ostireliya manoma sun yi nasara kan faɗaɗa mahaƙar kwal ta New Acland a 2017, ruwan ƙarƙashin ƙasa na cikin dalilan, amma aka yi ta ɗaukaka ƙara har aka ba kamfanin izini a 2022. Mu kuma ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula kotuna. Ni dai a ganina zanga-zanga kaɗai ba ta isa: bayan tarzomar garin Talodi da ke Kudancin Kordofan a Oktoban 2019 gwamnatin firaminista Hamdok ta ba da umarnin hana zaiba da sayanaid, amma je kasuwannin zinare ka gani ko an daina. Ku kafa lajana, wato kwamiti, ku haɗa kuɗin awo da na lauya tun yanzu, kuma kada mutum ɗaya ya riƙe takardun duka.