Amsa kan sasanta biyan rancen kafin albashi

Malam, ka tambayi yadda za ka sasanta da kamfanin da ya ba ka rancen kafin albashi, alhali kuɗin ruwa na ta hauhawa. Don Allah kada ka kashe wayarka, domin tara ba ta tsayawa saboda shirunka. Ka rubuta musu, ka bayyana abin da za ka iya biya duk wata bayan ka ware kuɗin abinci da haya, sannan ka nemi su dakatar da tarar jinkiri, su kuma tabbatar da yarjejeniyar a rubuce. Kada ka ci sabon bashi don biyan tsohon. Idan suka fara kiran 'yan'uwanka suna ɓata maka suna, ka adana saƙonnin, ka kai ƙorafi hukumar FCCPC, wadda ke sa ido kan waɗannan kamfanoni a Najeriya.