Ɗaukar hoton ɗan dambe a fili: amsa ga yaron shagona

Na ga hotunan da ka turo na ɗan damben unguwarku da ka ɗauka a Goron Dutse, na kuma ji ƙorafinka: ƙwanji bai fito ba, ƙirji ya baje, idanu sun faɗa rami, sama kuma ta ƙone fari fat. Kana tambaya ko ka ci bashi ka sayi filasha da dogon gilashin kyamara irin na Turawan da kake kallo a YouTube. Kada ka ci bashin kowa, ɗana. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Dubi inuwar mutumin a hoton farko, ina take? Ga ta nan a dunƙule ƙarƙashin ƙafarsa. Wajen azahar ka ɗauke shi, ba sai ka faɗa mini ba.

Kano tana kusan digiri 12 ne a arewacin layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa rana ke hawa tsakiyar ka sosai. Wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta ma saitin ka take tsayawa cak, ka kafa sanda ka rasa inuwarta. Hasken da ya sauko daga bisa goshi yake duka da kan hanci da kafaɗu, gira ta yi wa ido rumfa, haɓa ta rufe wuya da duhu. Ƙirji da ciki kuwa, inda kake son a ga ƙarfin mutum, haske wuce su yake yi ya zube ƙasa. A situdiyo kai ke ɗaga fitila ka kai ta inda ka ga dama. A fili ba ka da wannan ikon, abin da ya rage maka shi ne zaɓen lokaci da juya mutum.

Lokacin kuwa biyu ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai la'asar sakaliya zuwa dab da magariba. Malaman naka na intanet suna ce masa awar zinariya, amma a ƙasashensu rana a karkace take sauka, tana jan jiki, musamman da bazararsu. Tamu kusan a miƙe take faɗawa. Hasken mai daɗin nan bai cika awa ba a wurinmu, kafin ka gama gyara tsayuwa an kira salla. A Disamba ƙarfe shida da 'yan mintuna ta faɗi, a Yuli tana kai kusan bakwai. Saboda haka ka je wurin tun kwana guda kafin aiki, ka ga ta ina take sauka, wane dutse ne zai tare ta, ka zaɓi inda mutum zai tsaya. Ran aiki ba a neman wuri.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Farar fata inuwa ce ke fito da siffarta, baƙar fata kuwa sheƙi ne. Ka taɓa lura da rawani ɗan Kura? Baƙi ne wulik, amma duk ninkin da ke jikinsa kana ganinsa saboda ƙyallin bugu da ke bin kowace tattara. Haka jikin ɗan damben nan yake. In ka sa rana a bayanka ta dake shi gaba da gaba, ka kashe ƙwanjin duka. Juya shi rana ta zo masa daga gefe, ko ma ta ɗan koma bayan kafaɗarsa, sai ka ga wani siririn haske ya bi gefen wuya, ya gangaro kafaɗa, ya hau dantse, ya sauka har kan zaren da aka naɗe hannun. Kowace jijiya za ta tashi. Kada ka tsaya wuri guda kana ba shi umarni, kai ma zagaya shi a hankali, idonka a kan dantsen, har ka ga inda sheƙin ya kama. Taku biyu zuwa hagu kan canza hoto gaba ɗaya.

Da hunturu fata kan yi furu-furu, ta ƙi karɓar haske. Ɗan man kaɗanya a tafin hannu ya isa, ya murza a kafaɗa da ƙirji da ƙwauri. Na ce ɗan kaɗan. In ya yi yawa sai ya zama tabo-tabo na fari a hoton, ba ka da yadda za ka gyara shi a kwamfuta. Ni ma na fi son zufa a kan mai: a bar shi ya yi tsalle-tsalle, ya kai wa iska naushi na 'yan mintuna, jiki ya kumbura, sannan a fara. Hazon hunturu kuwa yana da nasa amfani, yana tausasa rana ya kuma dusar da gidajen da ke baya, mutum ya fito shi kaɗai. Sai dai in ya yi kauri haske ya rasa gefe, sheƙin ya ɓace. Kuma kada ka kuskura ka cire gilashi a cikin ƙurar nan, ka shirya kayanka tun daga gida.

Duhun fuskar da ka gani, ma'aunin hasken kyamara ne ya ja maka. Shi lissafinsa ɗaya ne, yana so ya mai da duk abin da ya gani ruwan toka. Da ya ga sama ta cika rabin hoto tana walƙiya sai ya rage haske, mutuminka ya nutse, saman ma ba ta tsira ba. In kuma ka auna a kan kumatunsa kaɗai, zai ƙara haske har fatar ta koɗe ta bar launinta. Abin da nake yi, in auna a kumatun da ke fuskantar rana, in rage haske kamar mataki ɗaya, wato rabinsa, in ɗauka, in duba ko sheƙin kafaɗa ya ƙone. Ka ɗauka da RAW, wato tsarin ajiye ɗanyen hoto wanda kyamara ba ta matse ta gyara ba. Duhu yana ɗagowa wajen gyara, wurin da ya ƙone ya tafi ke nan. Ɓangaren da ke inuwa kuma, farin kwali ko farin zanen gado a hannun ƙaninka ya wadatar wajen mai da masa haske. Rairayin kogi da rani yana yin wannan aikin kyauta. Jar ƙasa irin ta Dala da Goron Dutse ja take watsa wa ƙarƙashin haɓa, ciyawar damina kuma kore. Gindin darbejiya da rana ka guje shi, ganyen na yayyafa wa jiki ɗigo-ɗigon haske. Inuwar ƙaton dutse ko ta kuka mai kauri ta fi, ka tsayar da shi a bakin inuwar yana kallon fili.

Sai tsayuwa. A hotonka na biyu ya ƙame, hannaye manne da jiki, ya zama gungume guda. Ɗan dambe ya fi ka sanin jikinsa, ce masa ya tsaya yadda yake tsayawa gaban abokin karo: garkuwa, wato hannun kariya, a miƙe gaba, tafi a buɗe, mashi, wato hannun naɗi, a ɗane baya, nauyi a ƙafa ɗaya. Nan take sarari zai buɗe tsakanin hannu da haƙarƙari, kuma wannan sararin shi ke zana mutum. Kai kuma durƙusa, kyamara ta zo daidai ƙugunsa. Daga tsaye kake ɗauka, shi ya sa kai ya yi girma ƙafafu suka gajarce. Gilashinka mai lamba 50, wanda ba dogo ba, ya isa, ja baya kawai ka daina cusa masa shi a fuska. Kada ka yanke hoto a gwiwa ko idon sawu ko wuyan hannu. Ka duba bayansa kafin ka latsa: turken lantarki ya tsiro masa a ka a hoto na uku, layin da ƙasa ta haɗu da sama kuma ya ratsa wuyansa. In naushi kake son kamawa a iska, saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa.

Ka ɗan yi zancen cewa yawancin darussan da kake gani a kan wannan fanni da mutane tsirara ake yin su a daji ko bakin teku, kana tunanin ko ba a iya koyon aikin sai ta haka. Wannan al'adar makarantun zanensu ce, ba tamu ba, kuma a shagona ba a yi. Abin da suke koyarwa, wato yadda haske ke bin jiki, yana nan birjik a gabanka. Ga 'yan kokawa, ga masunta a kogin Matan Fada lokacin bikin Argungu, ruwa na zuba daga kafaɗunsu, gora a gefe. Ga Bafulatani ya gicciya sanda a wuya ya rataye hannaye, ya harɗe ƙafa. Ko babbar riga ce iska ta kaɗa ta manne wa mai ita, siffa ce. Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto na Mali, wanda aka ba babbar lambar yabo a Venice a 2007, wasu daga fitattun hotunansa na samari ne a bakin kogin Neja a Bamako a shekarun 1970, ba fitila ba komai. Seydou Keïta kuma a tsakar gidansa ya riƙa ɗaukar mutane da hasken rana tun 1948. Nemi hotunansu ka yi ta kallo, ka riƙa tambayar kanka ta ina hasken ya shigo.

Jikin mutum ba dutse ba ne da za ka ɗauka ka wuce. Faɗa masa inda hoton zai je, in Instagram ne ka ce Instagram ne. In yana da ubangida a harkar damben, fara gaishe shi. In akwai laya ko guru da ba ya so a gani, ka bari ya cire ko ya rufe. Ka wanke masa kwafi ɗaya babba ka kai masa har gida, ko bai tambaya ba. Mata a rafi da yara masu wanka kuwa, ko kyamara kada ka ɗaga. In ƙauye za ka shiga, bi ta wajen mai unguwa.

Ka koma da shi wurin nan dai ranar Asabar, ku isa ƙarfe biyar saura. Ka sa shi tsayuwa guda kada ya motsa, ka ɗauke shi rana na bayanka, sannan tana gefensa, sannan tana bayansa, ka kawo mini su ba tare da ka taɓa su a kwamfuta ba. Biyo ta shago da safe ka karɓi gilashina mai lamba 85 ka gwada, amma ya dawo kafin azahar ɗin Lahadi, muna da kamu a Tarauni.