Binciken kammala digiri a labarin ƙasa: daga ina ake kamawa?

Tambaya: Malam, ina shekara ta uku a sashen labarin ƙasa, a Marwa. An ce mu kawo maudu'in bincike. Na rubuta "Sauyin yanayi a arewacin Kamaru", malamin da ke duba aikina ya maido mini da shi, ya ce ya yi faɗi. Yaya zan yi?

Amsa: Gaskiyar malaminki ce, 'yata. Wannan maudu'in ya fi ƙarfin ɗalibi ɗaya mai 'yan watanni a hannu. Tambayar da za ta ɗauku sai ta ƙunshi wuri guda, da tsakanin shekaru sananne, da abin da za a iya aunawa. Misali: hekta nawa na gonakin masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari, gine-gine suka cinye a gefe ɗaya na Marwa daga 2000 zuwa 2020? Ki rubuta wannan a shafi ɗaya tak, da dalilin zaɓar wurin da inda za ki samo bayanai, ki kai masa. Duk zaman da kuka yi, ki rubuta gyaran da ya ba ki a gabansa, domin gyaran baki saurin ɓacewa yake.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wajen hotunan tauraron ɗan'adam. Na tauraron Landsat kyauta ne, manhajar zana taswira ta QGIS ma haka. Amma kowane ɗigo a hoton Landsat mita 30 ne tsawo da faɗi, wato murabba'in mita 900. Gonar da ba ta wuce rubu'in hekta ba ko ɗigo uku ba ta cika. Tauraron Sentinel-2 yana da ɗigon mita 10, sai dai a 2015 aka harba shi, ba zai nuna miki abin da ya gabaci haka ba. Ki kuma yi hattara da hotunan Landsat 7 na bayan Mayun 2003, suna da ratsi-ratsi marasa bayani saboda wata na'urarsa da ta tsaya.

Babban kuskure shi ne haɗa hotunan lokuta daban. Idan kika ɗauki na Satumban wata shekara kika gwada da na Maris ɗin wata, za ki ga kore ya ɓace, ki ce hamada ta shigo, alhali rani ne kawai. Masakwa ana dasa ta ne bayan damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, a girbe ta Janairu zuwa Fabrairu. Saboda haka ki nemi hotunan Nuwamba ko Disamba a duka shekarun: lokacin ita tana kore shar a laka, sauran gonaki sun bushe, gajimare kuma ya ragu. Bayan girbi kuwa, busasshiyar laka da filin da aka share don gini kusan kala ɗaya suke a hoto, kwamfuta sai ta cakuɗa su. Duk taswirorinki ki sa su a ma'auni guda, wato tsarin taswira na UTM, yanki na 33 arewa, in ba haka ba lissafin hektocinki zai karkace.

Hoto kaɗai ba ya isa, sai an taka ƙasa. Ki ɗauki maki, wato alamun wurare, 30 zuwa 50 da GPS ga kowane irin fili: gona, gini, fako, ruwa. Ki tsaya a tsakiyar fili, ba a kan iyaka ba, don wayar hannu takan kauce da 'yan mitoci. Wani kaso na makin ki koya wa manhaja bambance filayen a hoto da shi, sauran ki ajiye don gwada ko taswirar ta faɗi gaskiya. Wanda ya yi gwaji da makin da ya koyar da su, kansa ya yaudara, kuma masu jarrabawa sukan gane.

Kafin ki shiga ƙauye, ki karɓi takardar izini daga jami'a, ki fara gaida lawan ko jauro. Tambayoyinki da Faransanci za ki rubuta, amma da Fillanci ko Hausa za a amsa, don haka ki gwada su a kan mutum goma tukuna. Kada ki tambayi manomi hekta nawa ya rasa. Ki ce ya nuna miki inda gonarsa ta tsaya a da, ki bi iyakar da ƙafa, GPS a kunne.